Tagullar Peter Westbrook da almajiran da ya bari

Ranar da ɗan Tunisiya Fares Ferjani ya kai wasan ƙarshe na takobi a gasar Olamfik ta Paris, a watan Yulin 2024, ina zaune ne a zauren kawuna a Maƙera Assada. Maƙeri ne da ya ajiye guduma saboda ciwon kafaɗa, amma har gobe idan ya ga ƙarfe sai ya taɓa. Na miƙa masa waya ya kalli mutum biyu cikin fararen kaya, fuska a rufe da raga, suna tunkarar juna. Kafin ya gyara zaman tabarau har fitilar da ke nuna an taɓa mutum ta kama, ɗaya ya juya yana kururuwa, ɗayan ma yana kururuwa.

"Wa ac ci?" in ji shi.

Na ce sai alƙali ya faɗa, Kawu.

"To mi suka yi ma ihu su biyu? Kuma wanga abu da ka kira takobi, ai tsinken tsire na."

Na yi dariya, amma tambayar tasa ta fi ƙarfina a ranar. Wata huɗu bayan haka, ranar 29 ga Nuwamban 2024, aka sanar da rasuwar Peter Westbrook, ɗan wasan takobi na Amurka, a New York yana da shekara 72. Da na bi tarihinsa sai na ga cewa amsar tambayar kawu tana cikin rayuwar mutumin nan, domin shi ya yi wasan a zamanin da ido kawai ke yanke hukunci, kuma shi ne ya fitar da wasan daga hannun 'ya'yan masu hali ya kai shi unguwannin talakawa.

Sai an fara da wasan kansa. Filin da ake yinsa dogon zirin wuri ne mai tsawon mita 14, faɗinsa bai wuce mita biyu ba, don haka babu zagaye abokin karawa irin na 'yan dambe, gaba ce ko baya. A zagayen sili ɗaya ƙwale, wanda ya fara taɓa ɗan'uwansa sau 15 shi ya ci. A wasan ƙungiya mutum uku-uku ne, ana karɓa-karɓa har a kai 45. Alƙali kuma da Faransanci yake ba da umarni a gasar ƙasa da ƙasa ko a wace ƙasa ake, saboda a Paris aka kafa hukumar wasan ta duniya a 1913. Ɗan Illela mai shiga Ƙonni cin kasuwa ba zai buƙaci tafinta ba idan ya ji an ce "ale", wato a fara.

Makaman iri uku ne, kuma kusan wasa uku ne daban. Akwai efe, wanda ya fi nauyi, da tsini kawai ake suka da shi, kuma ko'ina a jiki halas ne, daga ƙoƙon kai har babban yatsan ƙafa. Akwai fulore, shi ma suka ce da tsini, amma gangar jiki kaɗai ake lissafawa. Sai sabar, wanda ake danganta asalinsa da takobin barade: ana sara da kaifinsa, ana suka da tsininsa, daga ƙugu zuwa sama. Sabar shi ne mafi sauri, sau da yawa taɓawa ɗaya ba ta ɗaukar daƙiƙa biyu. Shi Ferjani yake yi, shi kuma Westbrook ya yi.

Abin da ya rikita kawu yana cikin dokar fulore da sabar. A efe idan fitilu biyu suka kama tare, kowa ya samu maki, an wuce wurin. A sauran biyun kuwa maki ɗaya ne kawai, kuma na wanda yake da haƙƙin hari ne. Wanda ya fara tasowa yana miƙa hannu, makaminsa na barazana, shi ke da haƙƙi. Wanda aka taso wa ba shi da ikon ya rufe ido ya kai nasa saran. Dole ya fara kare kansa, ya doke makamin gefe ko ya ja baya har saran ya faɗi a iska, sannan haƙƙi ya dawo hannunsa ya rama. Idan su biyun suka taso a lokaci guda babu wanda ya riga wani, ba a ba kowa. Shi ya sa kowannensu ke ihu yana duban alƙali, kowa na nuna cewa shi ya riga.

Dokar ba don ƙawa aka yi ta ba. Malaman takobi na Turai sun tsara ta ne tun zamanin da ake fito-na-fito da makami mai kaifi, don su cire wa almajiri wata muguwar ɗabi'a: ya ga takobi na zuwa ƙirjinsa, maimakon ya kare sai ya kai nasa, a kwashi gawa biyu. A wurin malami wannan ba jarumta ba ce, asarar almajiri ce. Ɗan dambe ya san haka ba tare da an rubuta masa ba. Hannu ɗaya ne ke ɗaure da zare, ɗayan a buɗe yake a gaba yana aunawa yana tarewa, kuma wanda ya manta da na gaban ba ya daɗewa a fage. To wasan takobi ya ɗauki wannan hankalin ya mayar da shi doka, ya ɗora wa alƙali nauyin ganewa. Nan ne daɗin wasan yake, nan ne kuma rigimarsa take, domin duk inda aka ce idon mutum ne zai raba gardama, akwai wanda zai koma gida yana cewa an zalunce shi.

An haifi Westbrook ranar 16 ga Afrilun 1952 a jihar Missouri. Mahaifinsa baƙar fata ne, sojan Amurka da ya yi aiki a Japan, a can ya auro mahaifiyarsa Mariko. Auren bai yi ƙarko ba. Uban ya tafi yaron yana ɗan shekara huɗu, ya bar baƙuwar mace da 'ya'ya biyu a gidajen gwamnati na marasa galihu a birnin Newark, jihar New Jersey. Yaro ruwa biyu a irin wannan unguwa ba ya rasa mai tsokana, kuma shi Peter ba ya barin ta kwana. Ya taso da faɗa da fushi, abin da bai taɓa ɓoyewa ba, har littafin tarihinsa da ya fito a 1997 a kan sarrafa fushi ya gina shi. A 1967, yana ɗan shekara 15, tarzoma ta ci Newark kwanaki, aka kashe mutane fiye da ashirin.

Uwar ta ga inda aka dosa. Ta sa shi a wata makarantar sakandaren Katolika da ke da ƙungiyar wasan takobi, kuma da ya ƙi zuwa sai ta yi masa tayin dala biyar. Ita daga ƙasar da ake girmama takobi ta fito, ta kuma lissafa cewa wasan zai haɗa ɗanta da irin mutanen da ba zai taɓa gamuwa da su a bakin titi ba. Cin hanci ne, babu wani suna da za a ba shi, amma ban ga uwar da za ta ga laifinta ba. Yaron ya je don kuɗi, ya tarar abin da titi ya koya masa, wato karanta idon mutum da sanin lokacin da zai kawo hannu, shi ake nema a nan. Wasan ya ba shi gurbin karatu kyauta a Jami'ar New York, inda ya zama zakaran jami'o'in Amurka a sabar a 1973.

A New York ɗin ne ya faɗa hannun Csaba Elthes, kuma ba a fahimtar Westbrook sai an san daga ina wannan dattijo ya fito. Mu a Sakkwato idan aka ce wane malami ne, tambayar farko ita ce a wurin wa ya yi karatu. Wasan sabar ma haka yake da silsila. A 1896 wani malamin takobi ɗan Italiya, Italo Santelli, ya koma Budapest da zama, shi da malaman ƙasar suka gina salon da ke aiki da yatsu da wuyan hannu da ƙafa maimakon ƙarfin dantse. Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa ba. Daga 1924 zuwa 1964 duk zinaren Olamfik na sabar na mutum ɗaya ɗan Hangari ne ya ɗauka. A wasan ƙungiya sun ci sau bakwai a jere, daga 1928 zuwa 1960. Aladár Gerevich yana cikin shida daga ciki, na ƙarshen yana da shekara 50. Da tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren Hangari a 1956, mutane da yawa suka tsere, cikinsu har da malaman takobi. Elthes, wanda lauya ne a gida, ya sauka Amurka da wannan ilimin a kansa.

Mutum ne mai zafi. An san shi da tsawa, da kuma tsula wa almajiri ƙarfen a cinya idan ya yi kuskure. Westbrook, wanda ya taso ba ya ɗaukar raini, ya gaji ya bar shi na wani lokaci, daga baya ya dawo da ƙafarsa. Wannan wuri na daɗe ina juya shi, don duk wanda ya zauna gaban allo a garin nan ya san muhawarar bulala. Masu kare ta za su ce ga shi nan, ta yi aiki. Ni ban yarda bulalar ce ta yi aikin ba. Yaron da ya girma a Newark ba duka ya rasa ba, ya sha shi ya ƙoshi. Abin da ya dawo nema shi ne abin da babu mai shi a Amurka sai tsohon nan: yadda ake auna tazara, yadda ake sa mutum ya kawo sara a lokacin da kai ka zaɓa masa. Don wannan ilimin ya jure zafin malamin.

A 1974 ya ci kambun sabar na Amurka a karon farko. Ya ci shi sau 13 gaba ɗaya, takwas daga ciki a jere daga 1979 zuwa 1986, na ƙarshe kuma a 1995 yana da shekara 43. Duk wannan yana yi ne yana aikin tallace-tallace a kamfani da rana, domin wasan takobi ba ya ciyar da kowa a Amurka, alhali abokan karawarsa na gabashin Turai gwamnati ce ke riƙe da su. Ya je Olamfik ta Montreal a 1976. A 1980, yana kan ganiyarsa, ya samu gurbi amma Shugaba Jimmy Carter ya hana Amurkawa zuwa Mosko saboda shigar Sobiyet Afganistan. (A kan wannan ne aka turo Muhammad Ali ya zagaya Afirka, har Najeriya, yana neman a ƙaurace. Najeriya ta saurare shi ta kuma tafi Mosko abinta.)

Sai Los Angeles a 1984. Jean-François Lamour na Faransa ya ɗauki zinare, Marco Marin na Italiya azurfa, Westbrook ya doke wani Bafaranshe, Hervé Granger-Veyron, ya ɗauki tagulla. Rabon Amurka da lambar Olamfik a wasan takobi tun 1960, kuma shi ne baƙar fatar Amurka na farko da ya samu. A tuna, a lokacin ba a sa wa sabar lantarki ba. Efe ya samu fitila tun 1936, fulore a shekarun 1950, amma sabar sai a ƙarshen shekarun 1980. Alƙali ɗaya ne da mataimaka huɗu a kusurwa suke cewa an taɓa ko ba a taɓa ba, ban da batun wa ya riga. Wanda ƙasarsa ba ta da suna a wasan, sai ya yi sara a fili ƙarara kafin a gani.

Akwai maganar da masu son sa ba su cika so a tayar ba. A 1984 Sobiyet ta rama ƙauracewar da aka yi mata, Hangari da Poland da Bulgeriya suka bi ta, kuma waɗannan su ne gidan sabar a lokacin. Gaskiya ne fagen ya ragu. Amma mutumin da siyasa ta ƙwace wa 1980 ba shi ne za a ce siyasa ta yi wa gata a 1984 ba, kuma Lamour da ya ci zinaren ya sake ci a Seoul a 1988 kowa na nan, wanda ke nuna cewa waɗanda suka zo Los Angeles ba kanwar lasa ba ne. Westbrook ya sake zuwa 1988 da 1992 da 1996 bai ƙara samun lamba ba, ko da yake shi ya riƙe tutar Amurka a bikin rufe gasar Barcelona ta 1992. Idan lambobi ake ƙirgawa, kusa da Gerevich shi ƙaramin alhaki ne.

Abin da ya sa ake maganarsa ya faro ne a 1991, tun bai ajiye takobi ba, lokacin da ya kafa gidauniya mai sunansa a New York. Tsarin ba shi da wuya a faɗa. Kowace Asabar da safe yara daga unguwannin baƙaƙe da 'yan ci-rani suna zuwa zauren wasa a Manhattan, a ba su aron kaya, a koya musu a kan kuɗi kaɗan. Waɗanda suka nuna ƙwazo a ɗauke su horo na kullum. Sharaɗin shi ne karatu: akwai masu koyar da darasi, ana duba sakamakon makaranta, wanda ya yi sakaci da boko ba ya ci gaba da riƙe takobi. Ya fara da yara 'yan ƙalilan, tare da abokan wasansa na Olamfik irin su Mika'il Sankofa da Robert Cottingham.

Dalilin da ya sa wannan ya zama babban abu shi ne tsada. Riga da wando na musamman ne da tsini ba ya hudawa, ga ragar fuska, ga rigar lantarki, ga wayoyi, ga ƙarfen da ke karyewa a sake saye, ga kuɗin malami da na jirgi zuwa gasa. Ba hazaƙa ce ta hana 'ya'yan talakawa wasan ba, ƙofar ce ke da kuɗin shiga. Westbrook ya san haka a jikinsa, don shi ma dala biyar da gurbin karatu ne suka shigar da shi.

Cikin shekara tara almajiransa suka fara isa Olamfik, a Sydney a 2000. A 2003 Keeth Smart, ɗan Brooklyn, ya zama Ba'amurke na farko da ya hau matsayi na ɗaya a duniya. A Beijing a 2008 shi da ƙanwarsa Erinn kowa ya dawo da azurfar ƙungiya, shi a sabar ita a fulore. A Paris a 2024, watanni kaɗan kafin rasuwar malamin, Lauren Scruggs ta ci azurfa ita kaɗai a fulore da zinare a ƙungiya.

Wadda aka fi sani a wajenmu ita ce Ibtihaj Muhammad. Iyayenta Musulmi ne a New Jersey, kuma matsalar da suka yi ta fama da ita ita ce kowane wasa ta shiga sai an yi mata gyaran kaya don ta rufe jiki, ta zama daban a cikin 'yan'uwanta. Wata rana mahaifiyarta ta hango yara ta tagar wata makaranta suna wasan takobi a rufe ruf tun daga kai har ƙafa, ta ce wannan ne. Ibtihaj ta fara tana da shekara 13, ta shiga gidauniyar Westbrook a 2002, kuma wanda ya horar da ita zuwa Olamfik, Akhi Spencer-El, shi ma almajirin gidan ne da ya je Sydney. A Rio a 2016 ta zama mace ta farko da ta wakilci Amurka a Olamfik da hijabi, ta kuma ci tagulla a sabar na ƙungiya. Jika ce ke nan a silsila: Elthes ya ba Westbrook, Westbrook ya ba Spencer-El, shi kuma ya ba ta.

A Rio ɗin dai aka yi wani gamo da ya fi burge ni. Wasan ƙarshe na sabar na maza ya haɗa Daryl Homer, wanda ya fara riƙe takobi a gidauniyar Westbrook, da Áron Szilágyi na Hangari, wanda malaminsa na farko ɗan Gerevich ne na cikinsa, a ƙungiyar Vasas ta Budapest. Ilimin da ya bar garin a 1956 a kan ɗan gudun hijira ya dawo bayan shekara sittin a hannun baƙar fata ɗan New York, ya tsaya gaban wanda ya gaje shi a gida. Na gida ya ci 15 da 8. Gaba da gabanta, Szilágyi ɗin nan sau uku a jere ya ci zinaren, London da Rio da Tokyo.

Afirka ba a bar ta a baya ba, sai dai arewacinta ne ke jan ragama. Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya buɗe ƙofa da azurfa a London a 2012, Inès Boubakri ta Tunisiya ta ci tagulla a Rio, a Paris kuma Mohamed El-Sayed na Masar ya ci tagulla a efe, Ferjani ya tsaya a azurfa bayan ɗan Koriya ta Kudu Oh Sang-uk ya doke shi. A Najeriya wasan yana Legas ne galibi, can aka yi gasar Afirka a 2025. Mu nan da takobi ke rataye a kafaɗar mahaya kowace Sallah, da tsofaffin makamai ke ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu, takobi ya zama kayan ado da kayan kallo. Ba na cikin masu cewa don kakanninmu sun riƙe shi a Tabkin Kwatto to jininmu ne, a ba mu kawai mu ci duniya. Wasan nan ba gadon jini ba ne, Westbrook a wurin Bahangare ya koya. Abin da nake gani shi ne zauren taro na kowace sakandare a garin nan ya fi mita 14, kuma wasa ne da uba ba zai ce a cire wa 'yarsa komai ba kafin ta shiga. Abin da babu shi ne mutum ɗaya da ya iya, wanda zai yarda ya ba da Asabar ɗinsa shekara talatin. Sai kuma zafi, don duk wanda zai sa waccan riga mai kauri a watan Afrilu a Sakkwato ya cancanci lamba tun kafin ya taɓa kowa.

Bayan na gama haɗa wannan na koma wurin kawu da wasan Homer da Szilágyi, na rage gudun hoton, na yi masa bayanin haƙƙin hari da misalin hannun gaba na ɗan dambe. Ya kalli taɓawa uku bai ce komai ba. A ta huɗu fitilu biyu suka kama, kafin alƙali ya ɗaga hannu ya ce, "Na hagun na, shi yat taso." Haka kuwa aka yanke. Bai nuna ya ji daɗi ba, sai ya sa yatsa a kan gilashin wayar daidai inda ƙarfen ya lanƙwashe a ƙirjin mutum kamar baka ya miƙe.

"Wanga ƙarhe, mi aka zuba mai da ba ya karyewa?"

Na ce yana karyewa, Kawu. A gasar duniya ta 1982 a Rum, fuloren wani Bajamushe, Matthias Behr, ya karye, guntun ya huda ragar fuskar zakaran Olamfik Vladimir Smirnov na Sobiyet, bayan kwanaki ya rasu. Daga nan aka tsaurara doka, aka ƙara wa raga da riga ƙarfi, aka koma ƙera fulore da efe na manyan gasa da wani ƙarfe mai yawan nikel wanda tsaga ba ta saurin ci a jikinsa. Ya jinjina kai, ya ce shi zance bai ishe shi ba, in samo masa guda ya riƙa, ya lanƙwasa, ya ƙwanƙwasa ya ji kukansa. Na zagaya masu kayan wasanni a Babbar Kasuwa, ƙwallo ce da riguna da takalma. Na yi wa wani abokina da ke Legas magana, ya ce zai duba ko da karyayye ne, ya sa a mota.